Liyo Tolstoy, Sojan Da Ya Gane Nauyin Rai

 Yau ga labarin wani mutumin Rasha, Liyo Tolstoy, wanda ya kai kansa aikin soja, amma ya ƙare rayuwarsa yana gargaɗin mutane a kan zub da jini.

An haife shi a 1828 a gidan sarauta da dukiya. Uwarsa ta rasu bai cika shekara 2 ba, uban kuma ya bi ta a 1837, sai gwaggonninsa suka yi renonsa. Da ya tasa ya bar jami'a bai gama ba, ya shiga caca har bashi ya yi masa katutu. To, a 1851 sai ya bi wansa zuwa duwatsun Kaukasus, inda Rasha ke yaƙi da Musulmin wurin, watau mabiya Imam Shamil. Can ya sa kaki, aka sa shi rundunar igwa. Da idonsa ya ga yadda ake auka wa ƙauye, a ƙone gidaje, a washe abincin talakawa.

A 1854 aka tura shi garin Sebastofol, wanda sojojin Faransa da Ingila da Turkiyya suka kewaye wajen wata 11. Kada ku zaci matsoraci ne, har lambar jarunta aka ba shi. Amma abin da ya rubuta daga can ya sha bamban da kirarin mazaje. Ya ba da labarin ranar da aka tsai da wuta don a kwashe gawawwaki, abokan gaba suka haɗu suna gaisawa, suna musayar taba, sa'an nan kowa ya koma raminsa aka ci gaba da harbin juna. Ku duba fa, mutanen nan ba wanda ya taɓa ɓata wa wani.

Ya bar soja a 1856. Shekarar da ta biyo, a Faris, ya ga an sare kan wani mutum a bainar jama'a bisa hukuncin kotu, abin ya tsaya masa a rai har tsufansa. A ganinsa, umurnin na gaba ba ya sauke wa mai kisa nauyin ran da ya ɗauka.

A 1862 ya auri Sofiya, ta haifa masa 'ya'ya 13. Ita ce ta riƙa kwafe babban littafinsa, Yaƙi da Zaman Lafiya, da hannunta. Daɗa ba a baki ya tsaya ba. Da gwamnati ta tsananta wa wasu manoma da suka ƙone makamansu a 1895 suka ƙi aikin soja, ya ba da kuɗin wani littafinsa, aka taimaki fiye da mutum 7,000 suka ƙaura Kanada. Har Gandi na Indiya ya yi ta musayar wasiƙa da shi. Ya rasu a 1910 a wata tashar jirgin ƙasa, yana da shekara 82.

To, uwargida, in mijinki ko ɗanki ya komo daga fagen fama ya yi shiru, kada ki matsa masa da tambayar mutum nawa ya kashe, domin kayan da ya ɗauko ba a ganinsu. Ku kuma 'yan makaranta, in kuna haddace shekarun yaƙe-yaƙe, ku tuna kowane wanda ya faɗi ɗan wata ne.

Sai mun sake saduwa.