Byang Kato, ɗan Kwoi da ya nema wa karatun fasto daraja

Mu mutanen Agiye mun san makarantar Littafi Mai Tsarki da ke nan garinmu, inda ekklesiyar EERN ke horar da masu bishara da fastoci da harshen Hausa. Tushen wannan ekklesiya yana komawa ga mishan ɗin SIM, wadda ta sauka Damagaram a 1924, ta kuma kafa zango a Tsibirin Gobir bayan ƴan shekaru. To amma ɗalibin da ya ƙare irin wannan makaranta, yana da kai, yana son ƙari, ina zai dosa? Wa zai karɓi takardarsa? Akwai mutum guda da ya ɗauki wannan tambaya a kansa fiye da kowa a zamaninsa, shi ne Byang Kato. Yau tarihinsa muka kawo wa masu bibiyarmu, Musulmi da Kirista.

An haife shi a 1936 a Kwoi, ƙasar Jaba, kudancin jihar Kaduna ta yanzu a Najeriya. Mahaifinsa mai bin addinin gargajiya ne, kuma tun Byang yana jariri ya ware shi don ya gaji hidimar tsafin gidansu. Yaron ya shiga lakwal ɗin SIM da ke garin, ya karɓi addinin Kirista yana ɗan shekara goma sha biyu, aka yi masa baftisma da sunan Henry. Abin bai yi wa uban daɗi ba ko kaɗan, har ya janye hannu daga biyan kuɗin karatunsa. Da ƙyar, da noma da ƴan aikace-aikace, yaron ya kai ƙarshen firamare.

A 1955 ya tafi makarantar Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, kusa da Ilori, inda ake karatu da Turanci. Ya gama a 1957, shekarar da ya auri Jummai. Daga nan ya koyar a makarantun horar da masu bishara na arewa, ciki har da Kagoro, kafin ya koma Legas aiki da mujallar African Challenge.

Nan ne inda labarinsa ya shafe mu. Takardar Igbaja tana da kima a cikin ekklesiya, amma a ƙofar jami'a ba ta buɗe komai. Mutum ne mai mata da yara, malami da ya riga ya koyar da wasu, sai ga shi ya koma yana karatu ta wasiƙa, da dare bayan aiki, don ya ci jarrabawar sakandare ta Ingila, kwatankwacin bak a wajenmu. Sai da ya haye wannan kafin aka karɓe shi a kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Landan a 1963, inda ya samo digirin farko a ilimin tauhidi. Ku duba wannan zagaye: shekaru na karatu a gida, sannan a sake farawa daga ƙasa, sannan a haye teku. Mutum nawa ne za su iya? Mu a ganinmu, duk abin da ya yi daga baya daga wannan wahala ya fito.

Ya dawo gida, a 1967 aka zaɓe shi babban sakataren ECWA, ekklesiyar da ta fito daga aikin SIM a Najeriya. Shekarar ce yaƙin basasa ya ɓarke, don haka wa'adinsa ya tafi ne cikin aikin agaji da riƙe jama'a. A 1970 ya wuce Dalas ta Amurka, ya yi digiri na biyu, ya kammala na dakta a 1974. Tun kafin ya gama, a taron Limuru na ƙasar Kenya a 1973, aka naɗa shi babban sakataren ƙungiyar ekklesiyoyin bishara na Afirka da Madagaska, ɗan Afirka na farko a kujerar.

Damuwarsa a wannan kujera guda ce. Majami'u na cika, masu tuba na ƙaruwa, amma shugabannin da suka yi zurfin karatu ƴan ƙalilan ne, su ma a waje suka yi. Wanda aka tura waje kuwa, ko ya dawo da tambayoyin Turawa maimakon na mutanensa, ko ma ya ƙi dawowa. Sai ya kawo shawara mai ƙafafu. A kafa manyan makarantun tauhidi guda biyu a cikin Afirka, ɗaya da Turanci, ɗaya da Faransanci. A kuma kafa hukumar da za ta riƙa tantance makarantun Littafi Mai Tsarki, ta duba malamansu da ɗakin littattafansu da tsawon karatunsu, yadda takardar da aka samu a wannan ƙasa za ta ci a waccan. Wannan batu na Faransanci ba ƙaramin abu ba ne a gare mu. Mutumin Najeriya ne, Turanci ya yi karatu da shi, zai iya mancewa da ƙasashe irin namu ba wanda zai ce masa komai, amma bai mance ba.

Ba kowa ne ya so shi ba, gaskiya. A littafinsa na 1975, Theological Pitfalls in Africa, ya soki manyan malamai biyu, John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Najeriya, yana ganin sun ɗaukaka addinin gargajiya har suna neman haɗa shi da bishara. Masu sukarsa suka ce ya yi zafi da yawa, kuma muryar malamansa na Amurka ce ke fita daga bakinsa. Akwai ƙamshin gaskiya a batun zafin, don littafin ba ya sassautawa. Sai dai wanda ya tashi a gidan tsafi, ya sha wuya kafin ya fita, ba daga littafi ya san abin da yake magana a kai ba. Kuma shi ɗin ne dai ke nacewa cewa a bar Kiristan Afirka ya yi sujada da harshensa da kiɗansa da tufafinsa, muddin Littafi Mai Tsarki ne ma'auni. Har yau ana wannan muhawara a ajujuwan tauhidi.

A 1974 ya yi jawabi a babban taron bishara na Lozan, a ƙasar Suwizilan. A ƙarshen 1975 ya halarci taron majalisar ekklesiyoyin duniya a Nairobi a matsayin ɗan kallo, sannan ya ɗauki iyalinsa suka tafi hutu bakin teku kusa da Mombasa. Ranar 19 ga Disamba 1975 ya nutse a ruwa ya rasu, yana da shekara 39. An kawo gawarsa Kwoi aka binne.

Bai ga ko ɗaya daga cikin abubuwan da ya tsara ba. Hukumar tantancewar, ACTEA, an kafa ta a 1976. Makarantar Faransanci, FATEB, ta buɗe a Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya, a 1977, ta Turanci kuma a Nairobi a 1983. A Jos, ECWA ta buɗe makarantar tauhidinta a 1980, ɗakin littattafanta kuma sunansa yake ɗauke da shi. A nan Nijar ma yanzu akwai makarantar tauhidi ta gaba da bak a Yamai, wato ESPriT, da Faransanci. Ɗalibin da ya yi karatunsa da Hausa a Agiye, in yana son ya kai can, sai ya fara haye Faransanci da takardar bak tukuna.