Agner Krarup Erlang

Agner Krarup Erlang (1 ga Janairu 1878 – 3 ga Fabrairu 1929) masanin lissafi ne kuma injiniya ɗan ƙasar Denmak. Shi ne ya kafa tushen ilimin lissafin jerin jira, wanda ake amfani da shi wajen hasashen yawan aikin da layukan tarho da tarin kwamfutoci masu aiki tare za su iya ɗauka ba tare da cunkoso ba.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Erlang a ƙauyen Lønborg da ke yankin Jutland. Mahaifinsa malamin makaranta ne. Ya kammala digirinsa na biyu a fannin lissafi a Jami'ar Kopenhagen a shekarar 1901, sannan ya yi 'yan shekaru yana koyarwa.

Aiki

A shekarar 1908 ya kama aiki da kamfanin tarho na Kopenhagen. Matsalar kamfanin ita ce sanin adadin layukan da suka dace. In layuka suka yi kaɗan, masu kira za su riƙa samun layi a toshe. In kuma suka yi yawa, an yi asarar kuɗi. A 1909 Erlang ya nuna cewa kiran da ke shigowa ba bisa tsari ba yana bin ƙa'idar lissafi ta Poisson. A 1917 ya wallafa ƙa'idojin da ake kira Erlang B da Erlang C. Ta farko tana auna yiwuwar kira ya tarar da duk layuka a cike, ta biyu kuma yiwuwar mai kira ya jira. Hukumar gidan waya ta Birtaniya ta karɓi wannan lissafi a aikinta.

Tasiri

A 1946 aka sa wa ma'aunin cunkoson tarho suna erlang. Erlang ɗaya daidai yake da layi guda da bai huta ba tsawon lokacin da aka auna. A shekarun 1960 Leonard Kleinrock ya yi amfani da ilimin jerin jira wajen nazarin hanyoyin sadarwar kwamfuta. Har yau manhajojin da ke ƙiyasta yawan sabar da wani aiki ke buƙata suna dogara da irin wannan lissafi. Kamfanin Ericsson ma ya ƙirƙiri harshen rubuta manhaja mai suna Erlang, wanda WhatsApp ya yi amfani da shi.

Rasuwa

Erlang ya rasu a Kopenhagen bayan an yi masa tiyata, yana da shekara 51.