John Backus: Ɗalibin da jami'a ta kora, ya samar wa kwamfuta harshen Fortran

A tarihin kwamfuta, ba a cika samun abin da ya shekara sittin ana amfani da shi ba. Harshen rubuta manhaja na Fortran ya wuce wannan adadi, kuma har yau da shi aka gina da yawa daga cikin manhajojin hasashen yanayi da na lissafin injiniyoyi. Mutumin da ya jagoranci samar da shi, John Warner Backus, ya fara rayuwa a matsayin ɗalibin da karatu bai dame shi ba.

An haife shi ranar 3 ga Disamba, 1924 a birnin Philadelphia na ƙasar Amurka, ya tashi a Wilmington da ke Jihar Delaware, a gidan masu hali, domin mahaifinsa dillalin hannun jari ne. Ya shiga Jami'ar Virginia don karanta ilimin sinadarai, amma bai cika shekara ba aka sallame shi saboda rashin halartar aji. Daga nan aka ɗauke shi aikin soja, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Rundunar ta tura shi karatun likita, sai aka gano ƙari a ƙashin kansa. Aka yi masa tiyata, aka sanya masa farantin ƙarfe. Karatun likitan ma watanni tara ya yi ya ajiye.

Bayan ya bar soja a 1946, ya zauna a New York yana koyon gyaran rediyo, kuma a nan ne sha'awar lissafi ta kama shi. Ya shiga Jami'ar Columbia, ya yi digiri na farko a 1949, na biyu a 1950. A shekarar ce kamfanin IBM ya ɗauke shi, aikinsa na farko kuwa shi ne lissafin matsayin wata a sararin sama.

A wancan zamani, umartar kwamfuta aiki ne na wahala. Dole mutum ya rubuta kowane mataki da lambobi da alamomin da na'urar ke ganewa, kuma kuskure ɗaya kan cinye kwanaki. Kuɗin da ake biyan masu rubutun kan kai kuɗin na'urar kanta. A ƙarshen 1953 Backus ya rubuta wa shugabansa, Cuthbert Hurd, shawarar a samar da harshen da masanin kimiyya zai rubuta lissafinsa kusan yadda ya saba a takarda, sannan wata manhaja ta yi aikin tafinta, ta mayar da shi harshen na'ura.

Da yawa daga cikin ƙwararru ba su gamsu ba, suna ganin tafintan ba zai taɓa fitar da aiki mai sauri kamar na hannu ba. Wannan shakku ne ya sa ƙaramar tawagar Backus, wadda ta haɗa da Irving Ziller da Harlan Herrick da mace ɗaya, Lois Haibt, ta zuba ƙarfinta a kan saurin abin da tafintan ke fitarwa. Aikin ya ɗauki kusan shekara uku. A Afrilun 1957 aka fara raba Fortran ga masu kwamfutar IBM 704, kuma ya karɓu domin saurinsa ya kusa kamo na hannu.

Backus bai tsaya nan ba. A 1959 ya gabatar da tsarin rubuta nahawun harsunan kwamfuta, wanda Peter Naur ɗan ƙasar Denmark ya gyara, ake kiransa BNF. Ya samu lambar kimiyya ta ƙasa a 1975 da lambar Turing a 1977. Abin mamaki, a jawabin karɓar ta biyun ya soki salon rubuta manhaja da shi kansa ya taimaka wajen kafawa, ya nemi a canza hanya. Ya yi ritaya a 1991, ya rasu ranar 17 ga Maris, 2007 a Ashland da ke Jihar Oregon, yana da shekara 82.

Gadon da ya bari na tafe da nasa nauyin. An sabunta ƙa'idojin harshen sau da dama, daga Fortran 66 zuwa 77 da 90, har zuwa na 2018 da 2023, amma tsofaffin manhajoji na ɗauke da tabon katunan da ake hudawa a da: gurabe biyar na farko na lambar layi ne, na shida na nuna ci gaban layi, umarni kuma daga na 7 zuwa na 72. Shi ya sa tafintan zamani ke duba ƙarshen sunan fayil; .f na nufin tsohon tsari, .f90 kuma sabo.

Sunan tafintan ma ya sha canzawa. An san shi da f77 a tsarin Unix, sai g77 na GNU, wanda gfortran ya maye gurbinsa a 2005. Wanda ya gaji tsohuwar manhaja kan tarar tana kiran f77, alhali babu mai wannan suna a kwamfutarsa, sai ya sauya sunan, ko ya ƙara umarnin -std=legacy domin sabon tafintan ya yi sassauci ga tsofaffin ɗabi'u. Daga 2020 ma gfortran ya fara ƙin wasu kurakuran da a da ake kawar da kai a kansu.

Cibiyoyin bincike na jure wannan ɗawainiya ne saboda dalili irin na ɗan kasuwa: lissafin da aka shekara arba'in ana gwadawa ba ya ƙarya, sake rubuta shi kuwa kuɗi ne da haɗarin sabon kuskure. Dama rage tsada da ɓata lokaci ne hujjar da Backus ya kai wa shugabansa a 1953.