Tarihin Josephine Butler, Baturiyar Da Ta Tsaya Wa 'Ya'yan Talakawa

A wannan fitowa mun kawo muku tarihin wata Baturiyar Ingila, Josephine Butler, wadda aka haifa a 1828. Kirista ce mai riƙo da addininta, 'yar masu hali, mijinta George kuma malamin makaranta ne. Da ta ga dama, da ta yi zamanta a gida ta ci daɗinta.

To a 1864 sai ƙaramar 'yarta Eva ta faɗo daga saman bene ta mutu. Baƙin cikin nan ya ƙi sakinta. Da suka koma Libaful a 1866, sai ta riƙa shiga gidan da hukuma ke tara matalauta, ta zauna a ƙasa da matan da kowa ya guda, suna warware tsohuwar igiyar jirgin ruwa tare. Wasu marasa lafiyar ma har gidanta ta kai su ta yi jinyarsu.

A zamanin akwai dokar da ta ba 'yan sanda damar kama duk macen da suka zarga da karuwanci a garuruwan sojoji, likita ya duba ta dole. Namijin kuwa ko a tambaye shi! Daga 1869 ta ja ragamar mata, tana rubuce-rubuce, tana bin gari-gari tana jawabi. A garin Pontefract, a 1872, 'yan iska suka barbaɗa barkono a wurin taronta, suka cinna wa ciyawa wuta a ƙarƙashinsu. Sai a 1886 aka soke dokar.

Amma abin da ya fi taɓa mu shi ne maganar yara. A 1880 ta tona asirin masu kwashe 'yan mata ƙanana daga Ingila zuwa gidajen karuwai a Beljiyam. A 1885 ta haɗa kai da ɗan jarida W. T. Stead, wanda ya sayi yarinya 'yar shekara 13 a kan fam 5, don ya nuna wa mutanen Landan cinikin da ake yi a garinsu. Mu da muka tsufa a kasuwa mun sani, haja ba ta yin farashi sai da masu saye. Stead ya sha ɗaurin wata 3, amma a shekarar nan majalisa ta hana kusantar yarinyar da ba ta kai 16 ba, maimakon 13 na da.

Ta wallafa littafin gwagwarmayarta a 1896, ta rasu a garin Wooler ran 30 ga Disamba, 1906.