Concha Michel, Matar Da Ta Bi Ƙauyuka Tana Tsintar Waƙoƙi

Jama'a, wanda duk ya kalli fim ɗin Frida na Salma Hayek ya san yadda waƙoƙin gargajiyar Meziko ke ratsa zuciya. To, yau zan ba ku labarin wata ƙawar Frida Kahlo ta gaske, wadda ni dai nake ganin an ci mata haƙƙi, don ba a cika ambatonta ba.

Sunanta Concha Michel, 'yar jihar Jalisco. Tun tana yarinya aka kai ta makarantar kwana ta sistocin coci, a can ta koyi waƙa da kaɗa jita, a can kuma aka kore ta saboda taurin kai. Wannan taurin kan bai taɓa barin ta ba, don ko jam'iyyar kwaminisanci da ta shiga daga baya sai da suka raba gari kan maganar 'yancin mata.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin da ta ɗora wa kanta bayan juyin juya halin da aka fara a 1910. Akwai wata irin waƙa da suke kira corrido, waƙar labari ce, wane ya yi jarumta, wane aka harbe, wane gari aka ƙone. Talakan da bai iya karatu ba, ita ce jaridarsa. Matsalar ita ce yawancinsu a ka suke, tsoho ya mutu, waƙa ta bi shi. Sai Concha ta rataya jitarta ta shiga ƙauyuka, mace fa, a wancan zamanin! Ta zauna da manoma da 'yan asalin ƙasar masu yarukansu daban, ta saurara, ta rubuta, ta haddace, sannan ta rera a birni.

A 1932 ta je New York ta yi waƙa, kuɗin da ta samu ta yi guzurin zuwa Tarayyar Sobiyet da su. A 1951 littafinta Cantos indígenas de México ya fito, amma ɗan kaɗan ne daga dubban waƙoƙin da ta tara.

Ranar da aka yi bankwana da gawar Frida a 1954, Concha na cikin waɗanda suka rera mata waƙa. Ita kuma ta rasu a garin Morelia a watan Disamba na 1990.