Musa Ɗan Maimun, Malamin Da Ya Koyi Tawali'u

Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya. Dukanmu mun san wannan karin magana, amma kowa a kan maƙwabcinsa ya ke ganin rawanin, ba ya jin nauyin nasa. A cikin ekklesiyoyinmu na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ba mu da yawa, duk da haka wannan ciwo ya kan raba mu. A gyara wa dattijo lissafin baiko, sai ya daina zuwa sujada. Wanda ya iya karatu ya rena wanda bai iya ba. Mu ma da muka fito makarantar Littafi Mai Tsarki, wani lokaci takardar shaidarmu ta kan hana mu jin shawarar tsohuwa. Saboda haka a watan nan za mu ba da labarin wani malamin Yahudawa wanda ya yi fama da wannan ciwo a cikin zuciyarsa, ya kuma rubuta maganinsa. Shi ba mai bin Almasihu ba ne, amma Attaura da Zabura da litattafan annabawa da mu ke karantawa su ne ya yi ta nazari dukan kwanakin ransa.

Haihuwarsa da gudun hijira

Sunansa Musa ɗan Maimun. Yahudawa suna kiransa Rambam, Turawa kuwa Maimonides. An haife shi wajen shekara ta 1138 a birnin Kurɗuba, cikin ƙasar Andalus, wato kudancin Sifen ta yau. A zamanin nan Musulmi ne ke sarautar ƙasar, Yahudawa da Kirista suna zaune a ƙarƙashinsu, harshen kasuwa da na ilimi kuwa Larabci ne. Ubansa Maimun alƙali ne na jama'ar Yahudawa, shi ne ya fara koya masa karatu.

A shekara ta 1148, Musa yana ɗan shekara goma, waɗansu mayaƙa daga Maroko da a ke kira Almuwahhidun suka ci birnin. Waɗannan ba su yarda Bayahude ko Kirista ya zauna da addininsa ba. Sai gidan Maimun suka bar gida da dukiya, suka yi shekaru suna yawo daga wannan gari zuwa wancan. Wajen 1160 suka sauka a Fas, birnin nan da mutanen ƙasarmu suka sani saboda a nan ne kabarin Shehu Ahmadu Tijjani ya ke. A can Musa ya ƙara ilimi, har da na magani. A 1165 suka sake tashi, suka shiga jirgin ruwa, hadiri ya kusa nutsar da su, suka sauka a Akka. Ya ziyarci Urushalima da Hebron, sa'an nan suka gangara Masar, suka zauna a Fusɗaɗ, tsohon gari kusa da Alƙahira. Ba a daɗe ba ubansa ya rasu.

Duk cikin wannan yawo bai ajiye alƙalami ba. A 1168 ya gama babban sharhi a kan Mishna, wato littafin da ya tattara koyarwar malaman Yahudawa na dā. Da Larabci ya rubuta shi, amma da baƙaƙen Ibrananci, kamar yadda mutanenmu su ke rubuta Hausa da ajami.

Babbar hasara

Musa yana da ƙane, Dawuda, falke mai fataucin duwatsu masu daraja. Shi ne ke juya dukiyar gidan domin wansa ya sami sukunin karatu. Wata shekara Dawuda ya bi ayari har bakin Bahar Maliya, ya shiga jirgi zuwa Indiya. Jirgin ya nutse, ya tafi da shi da kuɗin gida da na mutane. Ya bar mata da ƙaramar 'ya a hannun wansa. Musa ya kwanta ciwo wajen shekara guda saboda baƙin ciki, bayan shekara takwas ma ya rubuta wa wani abokinsa cewa har yanzu bai ta'azantu ba.

Da ya ga dama da ya roƙi jama'a su ciyar da shi, gama ya riga ya yi suna, yana cikin shugabannin Yahudawan Masar. Amma tun dā ya koyar cewa bai kamata malami ya mai da Attaura hanyar cin abinci ba. Sai ya kama aikin likita. A hankali sunansa ya kai fada, ya zama likitan Alƙali Fadil, wazirin Sarki Salahuddini, daga baya kuma likitan ɗan sarkin.

Koyarwarsa a kan hali

Ya yi shekara goma yana rubuta littafin da ya fi dukan litattafansa girma, Mishne Tora, mai kashi 14, ya gama shi wajen 1180. A ciki ya jera dukan shari'ar Yahudawa daki daki, da Ibrananci mai sauƙi. Kusa da farkon littafin ya keɓe wuri domin maganar halin mutum.

Ya koyar cewa rai ya kan yi ciwo kamar yadda jiki ya ke yi. Mai zazzaɓi ya kan ji zaƙi ya zama ɗaci, haka kuma mai ciwon rai ya kan so mugun hali ya ƙi nagari, bai kuwa san ba shi da lafiya ba sai ya je wurin masu hikima. A yawancin halaye, in ji koyarwarsa, tsakiyar hanya ita ce daidai. Kada mutum ya zama marowaci, kada kuma ya zama almubazzari. Kada ya zama matsoraci, kada kuma ya jefa kansa cikin halaka. Amma ya fitar da abu biyu waɗanda ba a yi musu tsaka-tsaki, su ne girman kai da fushi. Waɗannan sai a guje su da nisa ƙwarai. Hujjarsa daga Littafin Lissafi ce, sura 12, inda aka shaidi Annabi Musa da tawali'u mai yawa fiye da kowa, a daidai lokacin da 'yar'uwarsa Maryamu da ɗan'uwansa Haruna suka yi maganarsa, shi kuwa bai rama ba.

Ya kuma faɗi magani. Wanda ya ga girman kai ya kama shi, sai ya riƙa zama a ƙarshen sahu, ya sa tufafi marasa daraja, ya yi ayyukan da mutane su ke renawa, ya yi ta yi har ciwon ya fita. A ganinsa maimaita aiki ne ke gina hali, ba buri ko yawan magana ba. Ya ba da misali da kuɗi. Mutumin da ya ba da dinari dubu gaba ɗaya ya yi abin kirki, amma wanda ya ba da dinari ɗaya ɗaya har sau dubu shi ne kyauta ta zama masa jiki, gama sau dubu ya rinjayi zuciyarsa.

A cikin sharhinsa ya kawo wani labari da ya karanta. Aka tambayi wani mai tsoron Allah wace rana ce ta fi masa daɗi a duniya. Ya ba da labarin ranar da ya ke cikin jirgin ruwa, yana kwance a wuri mafi ƙasƙanci da tsummoki. Wani daga cikin mutanen jirgin ya zo, ya rena shi har ya yi fitsari a kansa. Mutumin ya duba zuciyarsa, ya tarar ba ta ɓaci ba, sai ya yi murna ƙwarai saboda wulakanci ba shi da sauran iko a kansa.

Ko cikin ba da sadaka ya bi sawun girman kai. Ya kasa sadaka mataki takwas. Na ƙasa duka shi ne a bayar da ɓacin fuska. Kusa da na sama shi ne a bayar yadda mai bayarwa bai san mai karɓa ba, mai karɓa kuma bai san mai bayarwa ba. Na sama duka shi ne a ba mutum jari, ko rance, ko a haɗa sana'a da shi, ko a nema masa aiki, har ya tsaya da ƙafarsa ya daina roƙo.

Gwaji

Rubuta maganar tawali'u ba wuya, sai ranar da aka taɓa mutum. Da Mishne Tora ya bazu sai suka ta taso. Musa bai ambaci sunayen malaman da ya ɗauko hukuncinsa daga wurinsu ba, saboda haka waɗansu suka ce fahariya ce, yana so a bar litattafan dā a riƙe nasa kaɗai. Wani babban malami a kudancin Faransa, Ibrahim ɗan Dawuda, ya bi littafin da gyara mai zafi. Shugaban makarantar Yahudawa ta Bagadaza, Sama'ila ɗan Ali, shi da mutanensa suka yi ta kushe shi.

Almajirinsa Yusufu ɗan Yahuza ya husata, ya so ya rama wa malaminsa. Musa ya rubuta masa ya hana shi. Ya bayyana masa cewa shi kansa sa'ad da ya ke saurayi ya fi shi zafi, ya kan rama da harshe da alƙalami a kan manyan malamai, amma shekaru da wahala sun koya masa ya yafe abin da ya shafi darajar kansa. Ya gargaɗe shi ya girmama tsohon nan na Bagadaza ko da ba su yarda da juna ba. Sai mu lura, bai janye abin da ya gaskata ba, yana amsa hujja da hujja, wani lokaci ma da kaifi. Zagin ne kaɗai ya bari ya wuce.

Ya kuma yarda da kuskure. Ya gaya wa alƙalin Yahudawan Iskandariya cewa wata rana wani ya tambaye shi inda ya samo wani hukunci, ya bincika bai samu ba sai bayan mutumin ya tafi, ya kuwa yi da-na-sanin rashin rubuta tushen maganganunsa. Malaman garin Lunel a Faransa suka aiko masa da tambayoyi a kan littafin, ya gode musu, inda suka yi daidai ya amsa ya gyara. Sharhin Mishna da ya rubuta da hannunsa yana nan har yau, wani kashi a Okisfod ta Ingila, wani a Urushalima. Mai dubawa zai ga inda ya soke maganar kansa ya sake rubuta wata, shekara bayan shekara.

A 1199 ya kwatanta wa mai fassara littafinsa, Sama'ila ɗan Tibbon, yadda yininsa ya ke. Da sassafe ya kan hau dabbarsa zuwa fada a Alƙahira ya duba sarki da iyalinsa. Ba ya komowa sai bayan azahar, ya tarar zaurensa cike da marasa lafiya, Yahudawa da Musulmi, manya da talakawa, masoya da maƙiya. Ya sauka, ya wanke hannu, ya roƙe su su yi masa haƙuri ya ɗan ci abinci, shi ke nan abincinsa na yini. Sa'an nan ya yi ta duba su har dare, yana kishingiɗe saboda gajiya. Ran Asabar kuwa ya koyar da jama'arsa. Ya rasu a Fusɗaɗ cikin watan Disamba na 1204, aka kai gawarsa Tibariya, bakin Tekun Galili, inda a ke ziyartar kabarinsa har yau.

Abin koyi gare mu

Ba mu ɓoye ba, Musa ɗan Maimun bai karɓi Yesu a kan shi ne Almasihu ba, a nan hanyarmu ta rabu da tasa. Mun gaskata sabuwar zuciya kyautar Allah ce ta wurin Ruhu Mai Tsarki, ƙoƙarin mutum ba ya sayenta. Amma kada wannan ya zama mana wani sabon rawani. A cikin Romawa sura 11 Manzo Bulus ya kwatanta mu al'ummai da rassan zaitun na jeji da aka ɗaura a jikin itacen Isra'ila, ya gargaɗe mu kada mu yi fahariya a kan rassan asali. In wanda bai san Mai wanke ƙafafun almajirai ba ya yi wannan fama da zuciyarsa, ina hujjarmu mu da muka san shi?

Ga wurin gwaji a ƙofarmu. A shekarun nan 'yan bindiga sun kori mutane da yawa daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, manoma waɗanda dā su ke cika rumbu, yanzu suna neman mudun gero. Sa'ad da za mu taimake su, Musulmi ne ko Kirista, kada mu kira sunansu a gaban taro, kada mu tsai da su a layi domin a gan mu. A kai da dare. In da hali, a ba su aron gona ko ɗan jari. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

A cikin ekklesiya kuma, bari kowannenmu ya zaɓi ƙaramin aiki guda ya riƙa maimaita shi. Fasto ya ɗauki tsintsiya ran Asabar ya share majami'a tare da yara. Dattijon da aka gyara wa lissafi ya yi godiya a gaban waɗanda suka ji. Wanda aka zaga a kasuwa ya kwana bai rama ba, gobe kuma ya riga gaisuwa. Sau ɗaya ba zai isa ba, sai an yi ta yi. Kafin mu kwanta yau mu buɗe Filibiyawa sura 2 mu karanta tare da iyalinmu, mu roƙi Ubangiji ya nuna wa kowa nasa rawanin, ya ba shi ƙarfin tuɓe shi.