Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Sarkin da Ya Rubuta Littattafan Magani

Duk wanda ya ratsa ta Kasuwar Shanu a Maiduguri ba zai rasa jin muryar masu tallar maganin basir da na sanyi ba, kowa na rantsuwa cewa nasa ne sahihi. Kaɗan ne daga cikin masu saye suka san cewa kusan shekara 200 da suka shige wani sarki a ƙasar nan ya zauna ya rubuta littafi a kan wannan cuta ta basir. Wannan sarki shi ne Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

An haifi Bello a shekarar 1781. Ya yi karatu a gaban mahaifinsa da kuma baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo, ya jagoranci rundunonin jihadin da aka fara a 1804, ya kafa birnin Sakkwato a 1809, sannan ya zama Sarkin Musulmi a 1817 bayan rasuwar Shehu. Mutanen Barno sun fi saninsa da wasiƙun muhawara da suka yi musaya da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, waɗanda ya kawo wasu a cikin Infaƙul Maisuri.

Sai dai ɓangaren rayuwarsa da ba a cika ambata ba shi ne ilimin ɗibbu. Ya yi rubutu a kan magungunan da suka zo a hadisan Annabi (SAW), ya keɓe littafi ga ciwon ido, wani ga ciwon ƙoda, wani ga basir, wani kuma ga amfanin ganyen filasko. Tafarkin da ya bi bai raba jiki da zuciya ba: addu'a da ayoyin Alƙur'ani suna tafiya tare da gyaran abinci, da zuma, da ƙaho, da saiwoyi. Ya kuma ɗebo daga malaman ɗibbu na Larabci, waɗanda ke auna cuta da zafi da sanyi da danshi da bushewa. Likitan yau ba zai amince da duk abin da ke cikin waɗannan littattafai ba, kuma yana da hujjarsa. Amma Bello ya rubuta maganinsa a takarda inda wani malami zai iya dubawa ya yi gyara, a zamanin da mafi yawan masu magani ke ɓoye saninsu su mutu da shi.

Bai ɗauka cewa ilimin magani ya ƙare a Sakkwato ba. Lokacin da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya iso fadarsa a 1824, daga cikin abubuwan da Bello ya nema har da a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa. Abin bai yiwu ba. Likitan ayarin farko, Walter Oudney, ya rasu a kusa da Katagum a kan hanyarsu daga Kukawa, tun kafin su kai Kano. Dokta Dickson, wanda ya taso da ayari na biyu, ya ɓace bayan ya bi ta Dahomey. Abin da ya iso hannun Bello a 1826 shi ne littattafai na Larabci, ciki har da na Ibn Sina. Shi kansa Clapperton rashin lafiya ta kama shi, ya mutu a Sakkwato a watan Afrilun 1827.

Shekarun ƙarshe na Bello sun ƙare ne a ribaɗin Wurno, inda ya tare don tsaron iyakar daula. A 1836 ya fita yaƙin Gawakuke ya yi nasara a kan Gobirawa da abokan ƙawancensu. Bayan nan ya kwanta jinya ta tsawon watanni, kuma Allah ya yi masa rasuwa a watan Oktoban 1837, aka binne shi a Wurno. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Shekara biyu bayan haka ƙanwarsa Nana Asma'u ta rubuta Tabshirul Ikhwani, littafi a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani.